Agogon Ɗantala

An tsinci gawarsa da asubar Talata
a lungun bayan tasha, nan Fagge, gefen kwata,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ruwa ya tafi da shi.
Ɗantala mai waina,
wanda 'yan uwansa 'yan daudu ke kira Talatuwa
in hira ta yi daɗi.

Sufeto Bawale ya zo da ɗan littafinsa,
ya dubi jan lalle a yatsun mamaci,
sai ya mayar da biro aljihu.
"Aikin 'yan ƙwacen waya ne," in ji shi.
Wayar kuwa tana jikin gawa, tana ta ruri.
Ni ke kira, daga tsallaken titi,
ina tsaye cikin 'yan kallo kamar kowa,
wai ko zai ɗaga.

Kuɗin cinikin jiya suna nan a lalita.
Abin da ya ɓata, ni kaɗai na gani:
fata ta yi haske a tsintsiyar hannun hagu,
gurbin da rana ta shekara sha ɗaya ba ta leƙa ba.

Namadi sunana, gyaran agogo sana'ata,
teburina na ƙarƙashin bene a Kantin Kwari.
Agogon nan ni na ba shi.
Cikin murfin baya na zana da bakin allura
nun da ɗa mai hannu, kafaɗa da kafaɗa,
yadda ba mu taɓa zama a bainar jama'a ba.

Mu tara muka sallace shi.
Masu cin wainarsa bashi duk ranar suna da uzuri.
Na tsaya a ƙarshen sahu, abokin kasuwa.
Wa zai ce wa mai gyaran agogo ya haƙuri?
Ni ba takaba, ni ba zaman makoki.
Na koma teburi na sa gilashi a ido,
shi ya tare abin da ke zuba.

Saura kwana uku a yi arba'in
sai ga Sagiru, ɗan ƙanwarsa,
yaron da wainar nan ta kai shi har jami'a,
da sabuwar shadda tana ƙara.
Ya ajiye agogo a gabana, fuskarsa a tsage,
hannuwansa sun ƙame a kan biyu da minti goma.
"Tsintuwa na yi. Nawa za ka tashe shi?"

Na buɗe murfi.
Haruffan suna nan, ba su rabu ba.
Tsakanin haƙoran ƙarfe wani abu ya bushe,
kuma ba tsatsa ba ce.
Sai na tuna daren da Ɗantala ke gyara mini hula yana dariya:
"Yaron nan ya ce ko takardar gidan Gwammaja,
ko ya kai sunana Hisba. Ka ji ɗan yau!"

"Ka dawo Alhamis," na ce. Muryata ba ta yi rawa ba.

Ban gyara ba. Akwai agogon da tsayuwarsa ce gaskiyarsa.
Na naɗe shi a hankicin da har yanzu ke ƙamshin man gyaɗa,
na kwana ina lissafi.
Sufeto zai ce, ya aka yi ka san cikin murfin?
Zai ce, kai mene ne nasa?
Amsar tana da kurkukunta,
shirun ma yana da nasa, kuma na san faɗinsa,
shekara sha ɗaya nake ciki.

Gari ya waye. Na sa shuɗiyar rigar da yake so.
Mai adaidaita ya ce, "Ina muka nufa, Baba?"
Na dafe aljihun ƙirji.
Abin da ke ciki ba ya bugawa,
na ƙarƙashinsa ke yi mana mu biyu.

"Ofishin 'yan sanda na Fagge," na ce.
"Bi ta bayan tasha."